Ranar da ɗan masunci ya mayar da kifi ruwa

Maƙwabcina, wani dattijon Bature da ya yi ritaya daga tuƙin babbar mota, ba ya duba kalanda idan zai faɗa maka lokacin kamun kifi. Bishiyar da ke bakin katangarmu yake dubawa. Sunanta dogwud, ita ce jihar Misuri ta Amurka ta ɗauka a matsayin bishiyarta, kuma duk tsawon hunturu tana tsaye fayau kamar itacen girki. Wajen tsakiyar Afrilu sai ta fashe da farin fure. Ranar da furen ya buɗe, ranar Dattijo zai ƙwanƙwasa min ƙofa ya ce kifayen da ake kira kurofi sun hau gaɓa, in shirya Asabar, kuma kada in sake zuwa masa da takalmin zuwa biki.

Ni ɗan Yawuri ne, gidanmu gidan su ne tun kakanni. Na iya riƙe filafili kafin na iya riƙe alƙalami. Saboda haka da aiki ya kawo ni garin Springfield shekara shida da suka wuce, Dattijo ya tambaye ni ko na taɓa kama kifi, dariya ce ta ƙwace min. Na ce masa a bakin Neja aka yanke min cibiya. Bai ce komai ba. Fitarmu ta farko a farkon Maris ce. Ya kama kifi biyar, ni na dawo da mura.

Gidajen rediyon Hausa idan za su fassara sunan wannan lokaci da Turawa ke kira spring, bazara suke cewa, kuma watannin sun zo ɗaya: Maris, Afrilu, Mayu. Amma kada sunan ya ruɗe ka. Bazarar gida zafi ce, ruwa na ja da baya, fadamu na ƙafewa, kifi na matsuwa a 'yan gurabe. Tasu fitowa ce daga sanyi. Ruwan da ya kwana wata uku kamar na firji shi ne yake ɗumama a hankali, kifin da ya lafe a ƙasa ya fara hawowa neman wurin yin ƙwai. Abin da ya ka da ni a fitar farko ke nan. A gida tsayin ruwa muke karantawa, da launinsa, da wata. A nan ɗuminsa ake karantawa. A gaban jirgin Dattijo akwai wata 'yar na'ura mai fuska kamar ta waya, tana nuna zurfi, tana nuna ɗumin ruwa. Idan ta nuna 48 a ma'auninsu na Faranhait, wato kusan 9 a namu, kifi na can ƙasa, kasala ta hana shi bin komai, sai ka kai masa ƙoto bakinsa ka tsaya kamar mai roƙo. Idan ta kai 55, ya fara motsi. Da zarar ta taɓa 60, wajen 15 zuwa 16 ke nan, to gaɓa ta cika.

Tafkin da muke zuwa Table Rock ne, kusa da garin Branson, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga gida idan ka bi hanya mai lamba 65 ka miƙe kudu. Ba tafkin Allah da Annabi ba ne, madatsa ce ta haife shi. Injiniyoyin sojan Amurka ne suka datse Kogin White, suka gama a 1958, shekara goma cif kafin a gama Kainji. Wannan ya sa tun ranar farko na ji wurin bai yi min baƙunta ba. Mu ma tafki ya zo ya same mu, ya ci gonaki da tsofaffin garuruwa, tsohuwar Bussa tana ƙarƙashinsa har gobe. Nan ma haka. Akwai tsohuwar gada a ƙarƙashin ruwan wajen Kimberling City, akwai itatuwa a tsaye yadda ruwa ya tarar da su, ganye ya tafi, rassa na nan. Bambancin shi ne tsabtar ruwan. Duwatsu ne da tsakuwa a ƙasansa, ba laka ba, ranar da iska ta kwanta kana ganin abin da ke ƙasa daga zurfin da ya fi tsayin mutum biyu. Ɗan Neja bai saba ganin kifi kafin ya kama shi ba. Kuma idan kana ganinsa, shi ma yana ganinka.

Asabar ɗin da nake son ba da labarinta, na yi sallar asuba na fito na tarar Dattijo ya riga ya ɗaura jirgi a bayan mota yana shan kofi. Mun tsaya a wani ɗan shago a hanya muka sayi ƙananan kifaye masu rai a bokiti, na ƙoto. Rana na fitowa muna cikin wani lungu da wani rafi ke shigowa tafkin, inda ruwa ya ɗan yi duhu, ya kuma fi na tsakiya ɗumi. Na'ura ta nuna 61.

Kurofi kifi ne mai faɗi kamar karfasa, sai dai ya fi ta sirantaka, jikinsa azurfa-azurfa da ɗigo-ɗigon baƙi. Iri biyu ne, fari da baƙi, kuma launi ba ya raba su sosai, ƙayar baya ake ƙirgawa: fari na da biyar ko shida, baƙi bakwai ko takwas. A wannan lokacin mazan kan yi baƙi ƙirin kamar an shafa musu gawayi, su ne ke fara hawowa su share wuri a gindin itace ko cikin rassan da suka nutse. Shi kurofi da itace kamar ɗan tsako ne da kaza. Har hukumar kula da namun daji da kifi ta jihar kan sare itatuwa ta ɗaure musu nauyi ta nutsar a tafkin, ta kuma wallafa taswirar inda suke don kowa ya gani. Da Dattijo ya fara gaya min haka na ɗauka zolaya ce. A gida wanda ya san ramin kifi ko ɗan'uwansa ba ya faɗa wa.

Kayan kamunsa ba su da wani tsada. Sanda mai laushi, siririn zare, ƙugiya ƙarama, da abin da ke yawo a saman ruwa yana nuna maka an taɓa. Mu da totuwar kara muke yi muna yara, nasu na roba ne ja da fari, amma ni har yau totuwa nake ce masa. Ko ka saka ɗan kifi mai rai, ko kuma wata 'yar ƙugiya mai kan dalma da wutsiyar gashi, nauyinta bai kai giram 2 ba. Sirrin biyu ne. Na farko, idon kurofi sama yake kallo, daga ƙasa yake tasowa ya ɗauka, don haka ƙoto ya tsaya a samansa. Idan ya wuce shi ƙasa, ko zai kwana a nan ba zai sunkuya ba. Na biyu, bakinsa. Fatar leɓensa siririya ce kamar takarda, har laƙabin da suke masa ke nan. Ni kuwa hannuna ya saba da tarwaɗa da ragon ruwa, waɗanda sai ka fizga da ƙarfi ƙugiya ke shiga. Shekarata ta farko na yage bakin kurofi ba adadi. Totuwa na nutsewa sai in fizgo kamar mai janyo akuya daga rijiya, ƙugiya ta taso ita kaɗai. Dattijo ya gaji ya riƙe min gwiwar hannu ya ce, ɗaga kawai, kamar kana ɗaga kofin shayi.

Ranar nan hannuna ya kwanta. Kafin hantsi muna da goma sha tara tsakaninmu. A gefen jirgin akwai wani katako mai ma'auni da ake kwantar da kifi a kai, baki rufe, wutsiya a miƙe. A Table Rock kurofi sai ya kai inci 10, kuma 15 ne iyakar mutum ɗaya a yini. Mun mayar da waɗanda suka gaza sun fi waɗanda muka riƙe. Akwai wanda ya gaza da faɗin farce, na dube shi na dubi Dattijo, ya kawar da kai kamar bai gani ba, na gane amsar. A wani wurin kuma sai da na ga garkensu da idona a ƙarƙashin wani reshe, sun fi talatin, sun jeru kamar 'yan makarantar allo. Na ce, Dattijo, birgi ɗaya ya ishe su. Ya ce birgi a nan na kama ƙoto ne kaɗai, kurofi ya faɗa ciki dole ka sake shi, in ba haka ba tara ce. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi har muka bar wurin.

Da rana ta ɗaga muka koma wani lungu mai tsakuwa, ruwan garau. Dattijo ya miƙo min tabarau irin mai kashe ƙyallin ruwa ya ce in duba gindin wani kututture. Da farko ban ga komai ba. Sannan na ga wani da'ira mai haske a ƙasa, faɗinsa kamar babban faifai, an share shi tas, tsakuwar ta fito fes a tsakiyar gansakuka. A kansa wata inuwa a tsaye, ba ta gaba ba ta baya, sai fiffike ke kaɗawa a hankali.

Bas ke nan, mai babban baki. Siffarsa kamar ƙaramar giwar ruwa, kore-kore da baƙin zane a gefe, bakin kuwa idan ya buɗe, na babba dunƙulen hannu na shiga. Shi ne sarkin kifin wasa a Amurka, a kansa ake kashe kuɗin da ba ya ƙirguwa. Katafaren kantin Bass Pro Shops da ke garinmu, wanda mutane ke zuwa kallo daga wasu jihohi, Johnny Morris ya fara shi ne a 1972 yana sayar da kayan fatsa a wani lungu na shagon mahaifinsa. Mafi girman da aka taɓa rubutawa, fam 22 da oza 4, kimanin kilo 10, wani manomi George Perry ya kama shi a jihar Jojiya a 1932, kuma gida ya kai shi aka cinye. Sai a 2009 wani ɗan Japan ya kamo na daidai da shi a Tafkin Biwa. Kilo 10 dai. Na gaya wa Dattijo a Argungu da wannan ba za ka ma kusanci rumfar alƙalai ba, bai ji daɗi ba.

Wanda ke kan da'irar namiji ne. Shi ya share wurin da wutsiyarsa, mace ta zo ta zuba ƙwai ta tafi abinta, shi aka bari da gadi. Yana fifita ƙwan don kada laka ta rufe su, yana korar duk abin da ya matso, kuma kusan ba ya cin komai har su ƙyanƙyashe. Na jefa masa tanar roba, na bar ta ta sauka a tsakiyar da'irar. Ya karkata ya dube ta. Ya ɗauke ta a hankali da gefen baki, ya kai ta waje ya tofar, ya dawo. Ba ci yake ba, shara yake. Na sake jefawa, ya sake fitarwa. A na uku na ɗaga sanda, ƙugiya ta kama.

Ya yi tsalle sau biyu, baki a wage yana girgiza kai, zare na kuka. Da ya gaji na sa babban yatsa a leɓensa na ƙasa na ɗago shi, don ba shi da haƙoran tsage, 'yan ƙanana ne kamar takardar goge katako. Na kwantar da shi a ma'auni: inci 17. Doka ta ce 15. Halak malak nawa ne. Na riga na fara jin ƙamshin farfesu.

Dattijo bai yi min wa'azi ba. Ya ce naka ne, sannan ya nuna ruwa da haɓa. Ashe tun da farko akwai wasu ƙananan kifaye masu faɗi da suka yi zobe nesa kaɗan da da'irar, su goma ko fiye, suna jira. Maigida na barin wurin suka afka. Ina tsaye da uban ƙwan a hannu ina kallon yadda suke tsattsage ƙwan kamar kaji sun samu tsaba. Ban san minti nawa na yi ba, ba zai kai ɗaya ba. Na cire ƙugiya na sunkuya na sa shi a ruwa. Ya tsaya jim a tafin hannuna, ya buga wutsiya ya watsa min ruwa a fuska. Ya ɗan yi kewaye, sannan muka ga inuwar ta koma kan faifan, 'yan satar suka watse.

Ba tausayi ba ne, kada wani ya ɗauke ni waliyyi. Na yanka kifin da ya fi dubu ban taɓa yin mafarkinsa ba. Lissafi ne ya kama ni a tsaye: kifi ɗaya a tukunya, dubban ƙwai a bakin ɓarayi.

Da yamma na kira Baba ta WhatsApp, shi dare ya yi a can, yana kan tabarma a ƙofar gida. Na tura masa hoton. Ya kawo wayar kusa da ido ya ce madalla, wannan ya yi kilo ɗaya da wani abu, yaya ɗanɗanonsa? Na ce ai na mayar da shi. Ya yi shiru har na ɗauka layi ne ya yanke.

"Mi ka ce?"

"Na mayar da shi ruwa, Baba. Yana gadin ƙwai ne."

"Allah Ya ba ka, ka ce ba ka so?"

Na fara yi masa bayanin 'yan satar ƙwai. Ya katse ni ya ce shi zan gaya wa kifi mai gadi? Bargi ba gida yake ginawa a cikin ciyawa ba? Ɗan sarki ba ya sārar mutum idan ya matso gidansa? Ai a kan gidan ake samunsu, nan ne ba sa gudu. Haka ubansa ya yi, haka kakansa. Na ce, to Baba, yaushe rabon da ka ga babban ɗan sarki a kasuwar Yawuri? Ya ce wannan laifin masu taru mai ƙanƙanin ido ne, da masu zuba magani a ruwa, ba na mai mashi ɗaya ba. Kuma gaskiyarsa. Can ya ƙara da cewa su ma ai suna da ruwan da Sarkin Ruwa ke rufewa, ba mai jefa koma sai ranar da aka buɗe, kamar yadda ake tsare Matan Fada a Argungu har ranar biki. Amma rufe ruwa daban, a kama a saki daban. Wanda ba zai ci ba, me ya kai shi soka wa bawan Allah ƙarfe a baki?

A nan ban samu amsa ba, don ni ma abin na ci min rai. Wannan al'ada ta kamawa da saki ba tsohuwa ba ce ko a wurinsu. Gasar kamun bas ta zamani wani mai sayar da inshora ne, Ray Scott, ya fara ta a 1967 a Tafkin Beaver da ke Akansas, saman wannan kogin namu, kuma a farko kashe kifin ake yi a tara a auna. Sai a 1972 ya kawo dokar a kawo shi da rai a sake shi. Ta yi amfani, ba musu, in ba don ita ba da yawan jiragen da nake gani ranar Asabar sun share tafkin. Amma idan na ga an ɗauke namiji daga kan ƙwansa an saka a tankin jirgi, an yini ana yawo da shi, an kai shi wurin awo mil da yawa daga gidansa sannan a sake shi ana tafi, sai in ce wannan sakin na wa ne? Ƙwan ai an gama da su tun safe. Ni dai daga ranar nan ban sake jefa wa bas ɗin da ke kan gida komai ba. In na gan shi in wuce. Dattijo na ganin na wuce gona da iri, Baba na ganin ban kai ba.

Kifi na uku, tirawut, labarinsa daban ne, don shi baƙo ne a Misuri kamar ni. Iri biyu ne a nan: mai jan zane a gefe daga yammacin ƙasar aka kawo shi, wajen Tekun Fasifik, mai ruwan ƙasa-ƙasa da jajayen ɗigo kuwa daga Turai, an fara shigo da ƙwansa daga Jamus a 1883. Ruwan sanyi kaɗai yake rayuwa a ciki. A gindin madatsar Table Rock akwai wani tafkin, Taneycomo, siriri kamar kogi, wanda aka yi tun 1913. Da ruwan ɗumi ne, bas da tarwaɗa ke ciki. Da aka gina babbar madatsa, ruwan da ke juya injinan lantarki daga can ƙasan Table Rock yake fitowa, inda rana ba ta kai wa, yana zuwa da sanyin kusan 9 a ma'auninmu ko da rani ko da damina. Dare ɗaya kifin ɗumi ya rasa gida. Sai jihar ta gina gidan ƙyanƙyasa a gindin madatsar, Shepherd of the Hills, tana kiwon tirawut tana zubawa. Na kai 'yata can, ta saka kwabbai a wani inji ya zubo mata abincin kifi a hannu, ta watsa a kwalbati, ruwan ya tafasa. Ta tambaye ni ko Kaka ma haka yake yi. Na ce Kaka bai taɓa ciyar da kifi ba sai a bakin ƙugiya.

A Taneycomo na sha kunyar da ban manta ba. Wata safiya na je ni kaɗai, hazo ya kwanta a kan ruwan har ba ka ganin ɗaya gaɓar, don iskar ta fi ruwan ɗumi. Na sauka kusa da madatsa, na buɗe gwangwanin tana da na tono a bayan gida, na soka ɗaya. Wata tsohuwa tana tsaye cikin ruwa har cinya da dogon wandon roba, tana wurga zare a iska kamar mai kaɗa bulala. Ta juyo ta ce, ɗana, ka karanta allon da ke sama? Ban karanta ba. Daga madatsa zuwa bakin rafin Fall Creek, kusan mil uku, ba a yarda da ƙoto mai rai ba, sai na ƙirƙira, kuma mai jan zane da ke tsakanin inci 12 da 20 dole a sake shi. Tana sai ƙasa da nan. Na mayar da tanata gwangwani ina ba da haƙuri kamar wanda aka kama da hannu a tukunya. Ta ciro wani ɗan abu daga hularta ta ba ni, ƙugiya ce da aka naɗe da zare mai toka-toka, ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba, wai kwaikwayon wani ɗan ƙwaro ne da ke cikin gansakuka. Na ce a raina wane kifin kirki ne zai kula wannan. A wannan ruwan ne a 2019 aka kama mai ruwan ƙasa na fam 40 da 'yan kai, ya haura kilo 18, wanda ya kafa tarihin jihar.

Ita ce ta koya min in jiƙa hannu kafin in taɓa shi, kada in matse, kada in bar shi a iska. Tirawut rago ne. Tarwaɗa za ta kwana a roba ba ruwa, da safe ta mare ka da wutsiya. Shi minti biyu a hannu ya isa ya juya ciki sama. Ita ce kuma ta ce idan na ji ƙaho daga madatsa in fita ba tare da na tsaya naɗe zare ba, don za a kunna injina ne, ruwan da ke idon sawu zai kai ƙirji kafin ka ankara. Na ji ƙahon ranar, na kuma ga dutsen da na ajiye jakata a kai ya ɓace.

Akwai takardar izini ta kamun kifi, akwai ta tirawut daban, duka a waya nake saya. Da ina ƙorafi, har Dattijo ya yi min lissafin inda kuɗin kifin da ake zubawa ke fitowa. Tun 1976 mutanen jihar suka kaɗa ƙuri'a suka ɗora wa kansu haraji: duk dala 8 da ka kashe a kanti, santi 1 na hukumar dawa da ruwa ne. Tun 1950 kuma akwai harajin tarayya a kan kayan fatsa da ake raba wa jihohi. Wato ko sabulu na saya na ciyar da tirawut. Tun daga nan nake cin huɗun da doka ta ba ni a yini ba tare da jin nauyi ba.

Ci kuwa, kurofi ne gaba. Namansa fari ne tas, ba ƙarni. Ga wanda naman halal ke yi wa nisa da tsada, firji cike da shi ba ƙaramar rahama ba ce. Rigimata da Dattijo ta ƙarshe a kan gyara ce. Yana da wuƙa mai lantarki, zuu ta nan, zuu ta can, ya cire tsoka biyu ya jefa kai da ƙashi da ƙwai a bokitin shara. Ranar farko da na gani sai da na riƙe masa hannu. Yanzu mun yi sulhu: tsokar nasa ya gyara yadda yake so, ya birkiɗa a garin masara ya soya, bayan na tabbatar man gyaɗa ne ba kitsen alade ba. Kawunan duka nawa ne. Uwargida ta wanke su da lemon tsami, ta zuba attaruhu da citta da kanumfari da daddawar da muke ɓoyo kamar zinare. Mun taɓa aika masa kwano ɗaya. Ya dawo da kwanon a wanke, idonsa jajir, ya ce romon ya yi, amma ba zai iya cin abin da ke kallonsa ba.

Sati biyu bayan wancan Asabar muka koma lungun mai tsakuwa da 'yata. Da'irar ta fara dushewa. Kusa da kututturen akwai wani baƙin gajimare a cikin ruwa, faɗin tabarmar sallah, yana motsi tare. Na ba ta tabarau. 'Ya'yan kifi ne kamar gashin ido, ba sa ƙirguwa, inuwar nan tana kewaya ƙarƙashinsu. Ko shi ne ko wani maƙwabcinsa ne, ta yanke hukunci shi ne, ta ɗauki bidiyo ta tura wa Kaka.

Furen dogwud ya zube yanzu, kurofi sun koma zurfi, Dattijo ya rataye 'yar sandarsa mai laushi. Jiya saƙon murya ya shigo daga Baba. Bai ce uffan a kan bidiyon ba. Ya ce idan akwai mai zuwa gida kafin babbar sallah, in aiko masa da irin tabaran nan da ake ganin ƙasan ruwa da shi, da ƙugiyoyi ƙanana fakiti biyu. Tanar roba kuwa, ya ce in riƙe kayata.